Saitin da Idrisu Yake Nema

Idrisu ɗan Malam Abu mai agogo shi ne mutum na farko da na ga yana rufe idonsa da kansa don ya ga gari da kyau. Ni sunana Zarami, keke napep nake tuƙawa a Potiskum, kuma shekara da shekaru ni ne idonsa na waje. Jirgin da yake tayarwa ɗan ƙarami ne, faɗinsa bai wuce faifai ba, da farfela huɗu da kyamara a goshi. Mai tuƙin yana ɗaura wani tabarau mai kauri a fuska, sai ya riƙa ganin abin da jirgin ke gani kamar shi ne a ciki. Da zarar ya ɗaura, to ba ya ganin komai na kusa da shi, ko da akuya ce ta zo tana cin bakin rigarsa. Dole wani ya tsaya a gefensa yana faɗa masa ga wayar lantarki, ga bishiya, ga mutum na tahowa. Aikina ke nan. Ni nake kai shi, ni nake tsaya masa, ni nake mayar da shi gida a unguwar Dogo Tebo.

Layi ɗaya muka tashi. Mahaifinsa Bakano ne, ya zo garin nan da tallan agogo da rediyo, ya ga wuri ya zauna, ya kafa tebur yana gyara. Muna yara mukan tsaya mu kalli yadda yake ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki. Daga baya hannunsa ya fara rawa. Malam Abu bai taɓa yarda cewa hannunsa ne ba. Ya ce agogunan yanzu ne ba su da inganci, ya ce hantsakin ne ya saki, ya ce teburin ne ke girgiɗi, har ya sa aka yi masa sabo. Mutane suka daina kawo gyara ba tare da kowa ya faɗa masa dalili ba. Shayi ma sai da hannu biyu yake ɗauka, can gaba kuma sai an riƙe masa kofin, kuma Idrisu ne mai riƙewa har tsohon ya rasu. Duk surutun Idrisu, wannan zancen ban taɓa jin ya ɗauko shi ba.

Hannun uban ya gada, na lokacin ƙuruciya. Ya buɗe rumfar gyaran waya, kuma in ka ga yana liƙi da dalma sai ka ɗauke numfashi don kada ka dame shi. A wayar wani da ya kawo gyara ya fara ganin bidiyon irin wannan jirgi, daga ranar kuwa ya kamu. Oche, ɗan Binuwai mai shagon kayan lantarki, shi ya riƙa kawo masa kayan daga Legas ɗaya bayan ɗaya, yau inji, wata mai zuwa batir, yana tsokanarsa da Hausarsa ta kasuwa cewa shi bai taɓa ganin mutum yana sayen sauro da kuɗinsa ba. Sunan ya bi shi, har yau akwai masu ce masa Idi Sauro. A garin da ya ga irin hare-haren da muka gani, ƙara a saman kai ba abin wasa ba ce. Sai da ya yi ta zarya wurin jami'an tsaro, ya buɗe musu cikin jirgin suka gani, aka yi sharaɗi cewa zai riƙa sanarwa kafin ya tashi, kuma akwai wuraren da ko kusa ba zai je ba. Bai taɓa saɓawa ba.

Tashin jirgin ba shi ne abin da ya fi cin ransa ba, saiti ne. Yakan ce jirgi ba ya zuwa da hali, kai za ka ba shi hali. Sai ya jona shi da wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen murfi, ya zauna yana ƙara wannan lamba yana rage waccan. Da na ce ni ban ga komai ba sai layuka, sai ya yi mini misali da kekena. Ya ce akwai kan keke da kana taɓawa ya juya, akwai wanda sai ka murɗa sosai, to haka jirgi yake da 'yan sanduna biyu na rimot da ake turawa da manyan yatsu. Kai za ka zaɓi yadda zai ji yatsanka. Akwai kuma yadda yake gyara tsayuwarsa in iska ta buge shi: in ka sa masa zafin zuciya da yawa sai ya riƙa karkarwa, in ka rage da yawa sai ya yi ta lilo kamar bugagge. Kowace sauka sai ya taɓa injinan da bayan yatsa, in sun yi zafi ya san ya matsa musu.

Har suna ya raɗa wa saitocin. Akwai Ɗan Dambe, wanda yake tashi da shi don jin daɗinsa kawai a fili bayan gari. Wannan ko numfashi ka yi a kan sandar sai jirgin ya wuntsila. Yakan ratsa tsakanin rassan kuka, ya juya ciki sama, ya faɗo kamar an jefo dutse, sai dab da ƙasa ya ɗauke. Ni da nake kallo daga waje gabana faɗuwa yake yi, shi kuwa yana tsaye yana dariya shi kaɗai, kansa na karkata hagu da dama. Akwai Amarya, na bin jerin motocin biki, mai tafiya a hankali ba gargada. Amma wanda ya ci masa lokaci, wanda kuma ya ciyar da gidansa, shi ne Makiyayi.

Alhaji Abatcha, wani babban dillali a Kasuwar Shanu, shi ya jawo wannan. Masu sayen shanunsa na kudu sun gaji da hoton waya, wanda ake tsayar da sa a ɓangarensa mai kyau a ɗauka. Suna son su ga dabba tana tafiya, su ga tozo, su ga ƙafar baya, su ga garken gaba ɗaya kafin a loda tirela. Ranar farko da Idrisu ya tashi a kan shanu da saitin Amarya, ƙarar ta sa suka watse, wani Bafulatani ya biyo mu da sanda har bakin keke. Idrisu bai yi fushi ba. Mako na gaba ya koma wurin mutumin nan ya zauna yana tambayarsa me saniya ta tsana. Aka ce masa ta tsani abu ya zo mata ta gaba, ta tsani ƙara mai tashi da sauka, amma in abu ya biyo ta gefe da murya ɗaya, takan ɗauka ƙuda ne. Ya canza farfela zuwa masu kaurin murya, ya daidaita wutar yadda ba za ta riƙa zabura ba, ya koyi zagayo garke ta gefe, a tsayin kafaɗar mutum. Bidiyon da ya fito kamar an ɗora kyamarar a kan ruwan randa. Alhaji Abatcha ya riƙa nuna shi ga duk wanda ya zauna a rumfarsa, ko bai tambaya ba. Shekarun nan su ne masu daɗin, ya auri Ramlat, ya rufe ɗakinsa da sabon kwano, ni ma na san ranar kasuwa ba ta wuce ni haka nan.

Rawar ta fara ne a cikin hoto. Wani mai saye ya aiko wa Alhaji cewa bidiyon na sa shi jiri. Muka kalla tare, ga shi kuwa, ƙasa na ɗan karkarwa kamar ana kaɗa tire. Idrisu ya ce farfela ce ta lanƙwashe, ya canza. Ya ce robar da ke ƙarƙashin kyamara ce ta bushe da zafin garin nan, ya canza. Ya ce inji ɗaya ya ci yashi, Oche ya kawo sabo. Ya koma kan kwamfuta ya rage zafin zuciyar jirgin, ya ƙara, ya sake ragewa. Rawar tana nan.

Ni kuwa a gefensa nake tsaye, kuma wanda ya ɗaura tabarau ba ya ganin hannunsa. Ni nake gani. Babban yatsansa na dama yana bugun sandar nan a hankali, ƙif-ƙif-ƙif, kamar mai jan carbi da sauri. Na san wannan rawar, na gan ta a kan teburin agogo. Ban ɓoye masa ba, don ni ba na iya riƙe magana. Muna dawowa a keke na ce, "Idi, ba jirgin ba ne fa. Yatsanka ne."

Muna wuce shataletale ya ce, "Kai da ko sunan lambobin ba ka sani ba? Tuƙa kekenka, Zarami."

Na ji haushi, ba zan yi ƙarya ba. Na yi kwanaki ban bi ta ƙofarsa ba. Ramlat ce ta tare ni a bakin famfo ta ce don Allah in koma, don Baban Amir, kamar yadda take kiran mijin nata, ba ya jin maganar kowa, ni ma da ba ya jin tawa aƙalla yana shiga kekena. A wurinta na ji sauran. Ya rufe rumfar gyaran waya, wai idonsa ne ke gajiya. Ya daina shan kunu in akwai baƙo. Maɓallin wuyan riga ita take sa masa, yana cewa telan ne ya yi ramin ƙarami. Ta roƙe shi su je asibiti, ya ce wanda ba shi da lafiya ne ke zuwa asibiti. Ta yi kuka a gabana, ni kuma ban san inda zan sa idona ba, sai na kalli bokitinta.

Da na koma, na tarar da shi cikin murna. Ya samo maganin abin, in ji shi. Akwai wata lamba da ke sa tsakiyar sandar ta yi laushi, yadda ƙaramin motsi ba ya kaiwa ga jirgin, sai an tura da gaske yake amsawa. Ya ƙara ta sosai, hoton kuwa ya lafa. Ya ce, ba na gaya maka saiti ne ba? Ni jahilin lamba ne, amma ko ni na gane cewa in ka toshe wa jirgi kunne don kada ya ji yatsanka, rawa kuma ta tsaya, ai ka riga ka nuna mai laifin. Na buɗe baki zan faɗa, na ga yadda fuskarsa ta washe, sai na fasa. Na riga na faɗa sau ɗaya, kuma ya ji.

Haka aka yi ta tafiya. Rawar ta ƙaru, ya ƙara laushi. Ta sake ƙaruwa, ya sake ƙarawa, ya haɗa da rage saurin juyin. Ɗan Dambe ya daina tashi da shi, wai ya girma da wasan yara. Makiyayi ya zama wani abu mai nauyin jiki, ka ce masa juya sai ya yi shawara tukuna, kamar tirelar da aka cika da kaya. Ni aikina ya ninka, don dole in hango abu tun daga nesa in faɗa da wuri. Kowace ranar kasuwa da ciwon kai nake komawa gida.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, kasuwa ta cika maƙil, tireloli sun yi layi ana lodi. Idrisu yana zagaya wasu manyan bijimai na Alhaji Abatcha, sai wata tirela ta fara ja da baya ta shigo hanyar jirgin. Na ce dama, Idi, dama. Na ga ya tura sandar, na ga jirgin ya fara tunanin juyawa, kafin ya gama tunanin ya daki ƙarfen bodin. Ya faɗo tsakiyar shanu yana ƙara. Bijiman suka zabura, igiya ta tsinke, mutane suka dare, mai fura ta yi asarar ƙwaryarta. Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni. Da ƙura ta lafa na je na tsinto abin da kofato ya bari, a cikin hulata na zubo shi.

Alhaji Abatcha mutum ne mai kawaici. Bai ɗaga murya ba. Ya kira Idrisu gefe ya ce masa ya san aikinsa, ya kuma san mahaifinsa, amma shanun nan amanar mutane ce. Ya je ya gyara abinsa, in ya daidaita ya dawo kafin lodin ƙarshe na Sallah, in kuma bai daidaita ba, to a haƙura haka nan, zumunci na nan. Da ya ambaci mahaifin, na ga Idrisu ya sa hannunsa na dama cikin aljihu.

Ya sayar da injin liƙinsa da sauran kayan rumfa, Oche ya kawo masa komai sabo. Shi ma Oche sai da ya ja ni gefe ya ce in gaya wa abokina ya bar abin nan, shi ba ya jin daɗin cinikin. Liƙin wayoyin ma Oche ne ya yi, Idrisu na tsaye a kansa yana ba da umarni, wai dalmar yanzu ba ta kamawa. Da aka gama, babu abin da ya rage na tsohon jirgi. Idrisu ya ce yanzu za a ga gaskiya, tunda duk abin da ake zargi an fitar da shi.

Muka tafi ƙauyen Mamudo da sassafe, muka sami wani fili da aka share ana jiran ruwan shuka. Ko ganye ba ya motsi. Ya ɗaura tabarau, ya tashi, jirgin ya hau sama da sabuwar murya mai daɗi. Ban tambaye shi ba, bakinsa na kalla, na ga ya cije leɓe. Ya sauko, ya buɗe kwamfuta a kan kujerar keke, ya taɓa lambobi, ya sake tashi. Ya sake saukowa. Rana ta fara zafi, batiran suka ƙare saura ɗaya. Ya ce wannan karon ya gano, wata lamba ce ya manta tun farko.

Yana sama da batirin ƙarshe, ashe a kan gidan cinnaka ya tsaya. Suka hau ƙafarsa ta cikin wando. Ya yi tsalle, ya danna wani maɓalli da ke sa jirgin ya tsaya daidai da kansa, ya turo mini rimot ɗin a ƙirji ya ce in riƙe, kada in taɓa komai. Ban taɓa riƙe shi jirgi na sama ba. Na tallabe shi kamar an ba ni jaririn wani, yatsuna nesa da sandunan. Shi kuma ya duƙa yana kakkaɓe ƙafa da hannu biyu, tabarau na fuskarsa.

Sai na ga ya daina kakkaɓewa. Ya miƙe a hankali, cinnaka na cizonsa bai kula ba.

"Zarami, me ka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba."

Ya daɗe a tsaye, hannuwansa a sake suna ta rawarsu a gefen riga. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ina ganin rufin makarantar can. Ko layin kwanon ba ya motsi." Ya ɗan karkata kai. "Haka yake a da."

Rimot ɗin ya fara kuka, alamar batir ya kusa ƙarewa, jirgin kuma yana ta sulalewa gefe. Na ce ya karɓa, ni ban iya saukarwa ba. Ya lalubo ya karɓa, ya ɗora yatsunsa. Ban ga abin da ya gani a cikin tabarau ba, amma na ji numfashin da ya saki. Ya sauko da shi da ƙyar, ya dire a kan kunyar gona ya kife. Ya cire tabarau, ya je ya ɗauko, ya taɓa injinan ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa kamar yadda ya saba. Ya ce ko ɗumi ba su yi ba. Ya ce jirgin lafiyarsa ƙalau, bai taɓa haɗa mai kyau irinsa ba. Na so a ce ni ne na yi kuskure tun farko, wallahi na so. Tausayinsa ya kama ni, sai na shiga tattara batira.

Bai koma wurin Alhaji Abatcha ba, tirelolin Sallah suka tafi da hoton waya. Daga baya ya yarda Ramlat ta kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyin da ke ɗan rage abin, aka kuma gaya masa kada ya sa rai zai tafi. Jirgin yana rataye a ƙusa a ɗakinsa, an rufe shi da ɗankwali saboda ƙura. Oche ya samo mai saye, Idrisu ya ce a bari tukuna, kuma har yau ana bari.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar Mamudo ya faru, a hanyar dawowa. Muna shigowa gari ya ce in tsaya wurin mai shayi. Na yi mamaki, don rabon da ya sha wani abu a gaban mutane an daɗe. Muka zauna a benci, ya ce a haɗa masa mai madara. Mai shayi ya cika kofi ya miƙo. Idrisu ya kai hannun dama, ya tsaya, ya kalle shi, sannan ya kawo na hagu ya haɗa. Duk da haka kafin kofin ya kai bakinsa shayin ya zuba a gaban rigarsa. Mutanen benci suka kawar da kai. Ni na kasa, na miƙa hannu zan tallafa masa gindin kofin.

Ya ɗan janye, ba da fushi ba. Ya ce, "Tukuna, Zarami. Wannan ma zai zo."